Wuni Guda A Karkarar Ingila: Maƙeran Campden Da Lambunan Attajirai

Akwai wata al'ada a Ingila wadda duk wanda ya ɗan zauna can ya san ta. Da zarar sanyi ya ja da baya, rana ta fara daɗewa ba ta faɗi ba, sai ka ga ƙungiyoyi sun yi karo-karo sun ɗauki shatar motar safa sun nufi karkara. Tsarin tafiyar kusan ɗaya ne ko'ina: da hantsi a zaga shagunan masu sana'ar hannu a wani tsohon gari, bayan azahar a shiga lambun wani katafaren gida na attajiran da, a sha shayi, a komo gida kafin dare ya yi nisa. Reshen ƙungiyarmu na Ingila ya bi wannan sahu cikin watan Yuni, inda muka cika mota guda mu da iyalanmu zuwa wani yanki mai tuddai da ake kira Cotswolds. Da Malam Edita ya nemi in rubuto rahoton tafiyar, sai na roƙe shi ya bar ni in rubuta tarihin wuraren, domin labarin wane ya makara, wane ya manta laima, ba zai amfani kowa ba bayan shekara guda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kusan duk abin da muka biya kuɗi muka kalla ran nan abu ne da ya taɓa karyewa. Sana'ar hannu inji ne ya kayar da ita, manyan gidajen kuwa haraji da yaƙi suka durƙusar da su. Yau mai yankar tikiti a bakin ƙofa shi ne ya gaji matsayin ubangidan da ke ciyar da su a da. Yadda aka yi haka ta faru shi nake so in shimfiɗa wa 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Daga Landan zuwa Chipping Campden, zangonmu na farko, tafiyar kimanin mil 90 ce ta hanyar Oxford. Garin ƙarami ne, babban titinsa guda ɗaya ne dogo mai ɗan lanƙwasa, gidaje jere dama da hagu, duk an gina su da dutsen yankin mai launin zuma. Kalmar Chipping a tsohon Ingilishi kasuwa take nufi, kuma cinikin ulu ne ya gina garin. A ƙarni na 14 da na 15 ulun tumakin waɗannan tuddai yana cikin mafi daraja a Turai, masaƙan Italiya da na Flanders, wato yankin Beljiyam ta yau, suna rububinsa. Har yanzu gidan William Grevel, wani babban falken ulu da ya rasu a 1401, yana tsaye a bakin titi, kuma cocin garin, wadda girmanta ya fi ƙarfin yawan mutanen wurin nesa ba kusa ba, da ribar ulu aka ɗaukaka ta. Rumfar kasuwa ta dutse da ke tsakiyar gari kuwa wani attajirin Landan, Sir Baptist Hicks, ya gina ta a 1627 domin masu sayar da cuku da man shanu da kaji. Ya kuma gina wa kansa babban gida kusa da coci, amma a 1645, lokacin yaƙin basasar Ingila, sojojin sarki suka cinna masa wuta da za su janye. Ƙofar shiga da 'yan gine-ginen gefe kawai suka tsira.

Daga nan gari ya shiga barci. Saƙar tufafi ta koma wuraren da ke da koguna da kwal, sa'an nan daga wajen 1870 alkamar Amurka mai araha ta cika kasuwannin Ingila, noma ya daina biyan wahalarsa, samari suka riƙa ficewa zuwa birane. A ganina talaucin nan ne ya adana garin, don babu mai kuɗin da zai rushe tsohon gini ya ɗora sabo. A cikin wannan hali ne baƙi suka sauka a 1902.

Jagoransu Charles Robert Ashbee ne, wanda aka haifa a 1863, ɗan masu hali, ya yi karatu a Cambridge, ya koyi zanen gine-gine. Yana cikin samarin da tunanin John Ruskin da William Morris ya kama. Waɗannan biyu sun dubi Ingilar zamaninsu, wadda ake yi wa kirari da masana'antar duniya, suka ce inji ya raba ma'aikaci da aikinsa: mutumin da a da yake ƙera abu daga farko har ƙarshe, yanzu an tsayar da shi wuri guda yana maimaita motsi ɗaya daga safe har yamma, kayan da ke fitowa ba su da kyau, shi kuma mai yin su ba shi da daraja. Maganin da suka kawo shi ne a koma ga aikin hannu. Ashbee bai tsaya ga wa'azi ba. A 1888 ya kafa wata ƙungiya mai suna Guild of Handicraft a unguwar talakawa ta gabashin Landan, ya tara samari 'yan unguwa, wasunsu ba su taɓa riƙe guduma ba, suka koyi ƙirar azurfa da jan ƙarfe, da kafinta, da kayan ado na mata. Ana raba riba a tsakani, kuma ma'aikata na da bakin magana a tafiyar da al'amura. Bayan rasuwar Morris a 1896, sai suka sayi injinan ɗab'insa na hannu suka ƙara da buga littattafai. Aikinsu ya yi suna har ƙasashen Jamus da Ostiriya, suka buɗe shago a unguwar masu kuɗi ta Mayfair.

Da wa'adin hayar gidan da suke aiki ya kusa cika, sai Ashbee ya kawo shawarar a bar hayaƙin Landan gaba ɗaya a koma ƙauye. Aka jefa ƙuri'a a ƙarshen 1901, masu son tafiya suka yi rinjaye. Mutum wajen 150, maza da mata da yara, suka yi ƙaura zuwa garin da jama'arsa ba su kai 2,000 ba. Suka kama wata tsohuwar masana'antar siliki da ta daɗe a rufe, suka raba hawa-hawa: maɗaba'a a ƙasa, maƙeran azurfa a tsakiya, kafintoci da masassaƙa a sama.

Mai karatu na iya zaton mutanen gari sun tarbe su da guɗa. Ba haka aka yi ba. Baƙin suna ɗaukar albashin da ya ninka na leburan gona, gidajen haya suka yi wuya, ga shi kuma sun zo da ra'ayin gurguzu da halayen 'yan birni cikin garin da limamin coci da masu gonaki ke da ta cewa. Duk da haka sun yi abin a zo a gani. Sun gyara tsofaffin gidaje ba tare da sun ɓata fasalinsu ba, sun haƙa wurin koyon iyo, sun buɗe makarantar koyon sana'a da darussan yamma ga kowa, suna kuma shirya wasan kwaikwayo duk shekara.

Shekara shida kacal abin ya yi. Tun daga 1905 aka fara faɗuwa, zuwa 1908 an rufe kamfanin. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Masu sayen kayan suna Landan, masu yin su suna nesa da su. A birni, idan aiki ya yi ƙaranci, maƙeri zai leƙa wata maƙera ya yi 'yan makonni kafin kasuwa ta buɗe. A Campden babu inda zai leƙa, ko dai a biya shi yana zaune, ko a sallame shi. Babban abin da ya karya su kuwa shi ne, manyan kantuna irin su Liberty sun lura mutane na son wannan fasali, sai suka sa masana'antun Birmingham suna fitar da kayan azurfa masu kama da nasu da taimakon inji, a sayar da araha. Wato injin da suka gudo dominsa ya biyo su har ƙauye, sanye da rigarsu. Akwai kuma wani abin da Morris kansa ya koka da shi tun yana raye: kayan da aka yi da hannu, aka biya mai yin su haƙƙinsa, ba mai iya sayensu sai mai kuɗi. Ƙungiyar da aka kafa don ɗaukaka talaka ta wayi gari cinikinta duk yana hannun attajirai. Shi Ashbee daga baya ya bar garin, ya yi koyarwa a Alƙahira, sa'an nan daga 1918 zuwa 1922 ya zama mai ba hukumar Birtaniya shawara kan gyaran tsohon birnin Ƙudus. Ya rasu a 1942.

Amma ba kowa ya tafi ba. Wani matashin maƙeri, George Hart, ya zauna, ya haɗa ƙira da noma don ya riƙe iyali, ya ci gaba da aiki a ɗakin nan na tsakiya. Zuriyarsa na nan a ɗakin har yau, kuma shi ne wurin da ya fi burge ni a duk tafiyar. Ka hau wani tsohon matakala, ka tura ƙofa, sai ka samu kanka cikin maƙera sosai, ba gidan tarihi ba: tebura duk sun ci duka, guduma iri-iri jere a bango, ƙananan uwayen maƙera masu siffa daban-daban, ga damman tsofaffin takardun ciniki rataye a rufi sun yi baƙi don daɗewa. Mun tsaya muna kallon yadda ake ɗaukar faifan azurfa shimfiɗaɗɗe, a yi ta bugunsa zagaye-zagaye, idan ya taurare a gasa shi a wuta ya yi laushi, a sake komawa bugu, har ya tashi ya zama kofi ba tare da an haɗa ko'ina ba. Yaranmu da suka wuni suna latsa waya a mota, nan sai da aka janye su. Abin da ya riƙe wannan gida fiye da shekara 100 ba tausayin masu yawon buɗe ido ba ne. Sun kama ɓangaren da inji ba ya iya shiga, wato aikin da ake yin odarsa guda ɗaya tak: kayan coci, kofunan gasa, kayan girma na hukumomin gari, kyautar aure mai ɗauke da sunan masu ita.

Wasu kuma sulhu suka yi da injin. Gordon Russell, a garin Broadway da ke maƙwabtaka, ya fara da kujeru da tebura na hannu, amma a shekarun 1930 masana'antarsa ta shiga ƙera akwatunan rediyo dubbai ga kamfanin Murphy, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu yana cikin waɗanda suka tsara wa gwamnati kayan ɗaki masu sauƙi don waɗanda bom ya rusa wa gidaje. Robert Welch, wanda ya kama ɗaki a tsohuwar masana'antar silikin nan a 1955, da hannu yake fitar da fasalin cokali ko wuƙa, sa'an nan masana'anta ta buga dubbai da ƙarfen da ba ya tsatsa. Shagon da ke ɗauke da sunansa yana bakin titi, kuma nan matanmu suka fi daɗewa. Sauran shagunan kuwa, gaskiya sai an tona. A wani na juya ƙasan wani ɗan kofi mai hoton tunkiya, na ga ashe daga ƙasar Sin ya zo.

Kusa da coci akwai wani ƙaramin gidan tarihi, Court Barn, wanda aka buɗe a 2007 don tunawa da masu sana'ar yankin. A nan ne tarihin ya taɓo gida. Cikin waɗanda aka baje aikinsu har da Katharine Adams, wata gwanar ɗinkin littafi da yi masa bangon fata, wadda ta yi shagonta a Broadway a farkon ƙarni na 20. Ɗaya daga cikin malamanta shi ne Douglas Cockerell, wanda littafinsa na 1901 kan wannan sana'a ya zama abin dogaro ga masu koyo. A daidai lokacin, masu kula da ɗakunan karatu na Ingila suna cikin damuwa, don sun lura bangon littattafan da aka yi da fatar masana'antun zamani yana zama jan gari cikin 'yan shekaru, alhali na ɗaruruwan shekaru yana nan garau. Wani kwamiti da aka kafa ya bincika ya ɗora laifin a kan sababbin hanyoyin jima na gaggawa, musamman amfani da ruwan asid mai ƙarfi, tare da hayaƙin fitilun gas. To, fatar da Cockerell ya fi yabawa a littafinsa ita ce fatar akuya da kamfanin Royal Niger ke kawowa daga Afirka. Wannan ba wata ba ce illa fatar jar akuyar ƙasar Sakkwato da maƙwabtanta, wadda majemanmu ke jemewa da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Tun kafin jirgin ruwa, ayari ke tsallaka Sahara da ita daga Kano zuwa gaɓar Bahar Rum, shi ya sa ta shiga cikin abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko. Abin lura a nan, waɗannan Turawa da suka tashi neman aikin hannu na gaskiya, da suka zo kan fata, sai suka tarar abin da suke nema yana hannun majemin da bai taɓa jin sunan Ruskin ba. Littafin ya shiga gidan gilashi da sunan wadda ta ɗinka shi a rubuce, wanda ya jeme fatar kuwa ba a rubuta nasa ko'ina ba.

Bayan mun ci guzurinmu sai muka hau mota zuwa Hidcote, tafiyar mil huɗu. Kafin mu shiga lambun, ya kamata a san yadda aka yi talaka ya samu shiga irin waɗannan wurare.

A shekarun 1870 gwamnatin Birtaniya ta yi ƙidayar masu mallakar ƙasa, lissafin ya nuna mutum kamar 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar. Kowane babban gida a karkara shi ne cibiyar dubban ekoki, manoma na biyan haya, barori da masu lambu gommai na hidima. Lambu a wurinsu shelar iko ce. A kan hanyarmu mun wuce ta Woodstock, bakin fadar Blenheim inda aka haifi Winston Churchill a 1874. A can, daga 1764, mashahurin mai tsara lambu Lancelot Brown ya tare wani ɗan rafi ya mai da shi tafki, ya shirya tuddai da kurmi yadda baƙo zai rantse haka Allah ya halicce su. A wasu wurare har ƙauye guda aka tasa don kada ya tare wa mai gida kallo. Tun a wancan zamani ana barin baƙo mai kyan tufafi ya zaga gida idan ya ɗan sallami uwar barori, amma wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba.

Abubuwa uku suka rushe wannan duniya. Na farko faɗuwar noman da na ambata, wadda ta karya kuɗin haya. Na biyu harajin gado, wanda aka kafa a 1894 a kan kashi 8 cikin 100 ga dukiya mafi girma. Ya kai kashi 40 a 1919, ya kai kashi 80 a 1949. Na uku yaƙe-yaƙen duniya biyu. A na farko magada da yawa sun mutu a fagen fama, barorin da suka tafi yaƙi ko masana'anta kuma ba su komo ba. A na biyu gwamnati ta karɓe gidajen ta zuba sojoji da asibitoci da makarantu, ta mayar da su a lalace. Mai gida ya duba rufin da ke yoyo, ya duba takardar haraji, sai ya kira masu rusau. Masana sun ƙiyasta cewa a 1955 ana rushe babban gida ɗaya duk kwana biyar.

Ƙofofin lambu sun fara buɗewa ga kowa da kowa ne ta hanyar sadaka. A 1927, lokacin babu asibitin kyauta na gwamnati, aka roƙi masu gidaje su buɗe lambunansu na rana ɗaya, kowane baƙo ya biya sule guda, a tara wa ma'aikatan jinya masu bin marasa lafiya gida-gida. Lambu 609 aka buɗe a shekarar, har da na Sarkin Ingila a Sandringham, aka tara sama da fam 8,000. Shirin yana nan har yau. Gidajen kansu kuwa wata ƙungiya ce ta tare su, National Trust, wadda mutum uku suka kafa a 1895, cikinsu har da Octavia Hill, matar da ta ƙare rayuwarta wajen neman wa talakawan Landan gidaje da filin shan iska. Da farko tuddai da bakin teku ƙungiyar ke saye. Amma a 1937 majalisa ta yi dokar da ta ba mai gida damar miƙa mata gidansa tare da dukiyar da za ta riƙe shi, a yafe haraji, iyalinsa su ci gaba da zama a ciki, bisa sharaɗin a buɗe wa jama'a. Ƙungiyar da aka kafa don talaka ya sha iska sai ga ta tana ceton gidajen masu sarauta; an yi ta muhawara a kan haka, kuma ba a daina ba. Yau membobinta sun haura miliyan 5.

Hidcote shi ne wuri na farko da ƙungiyar ta karɓa saboda lambunsa kaɗai, a 1948. Wanda ya shuka shi ma ba ɗan sarautar Ingila ba ne. Lawrence Johnston Ba'amurke ne da aka haifa a Paris a 1871, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya a 1900, ya yi yaƙi a Afirka ta Kudu da kuma yaƙin duniya na farko, ya kai muƙamin manjo. Mahaifiyarsa, mai dukiya ƙwarai, ita ta sayi gonar a 1907. Wurin a kan tudu yake, iska na kaɗawa ba sassauci, babu komai sai filaye da 'yan manyan itatuwa. Dabarar da ya yi ita ce ya shuka shingaye na itatuwa masu rai, aka riƙa aske su har suka zama bango masu tsayi fiye da mutum, ya yanka eka 10 zuwa ɗakuna-ɗakuna marasa rufi. Shingen na tare iska, tsire-tsire masu rauni su samu mafaka. Wannan ɗaki furanninsa duk farare ne, wancan doguwar hanya ce da jajayen furanni dama da hagu, na gaba wani kewayayyen tafki ne da ya kusa cika ɗakin, ka bi ta wata 'yar ƙofa a jikin shinge sai ka ɓulla wani dogon fili na ciyawa wanda ƙarshensa sararin sama ne kawai. Ba ka taɓa ganin lambun gaba ɗaya. Dole ka bi shi zaure bayan zaure, shi ya sa cikin minti goma ayarinmu ya watse, kowa na jin muryar ɗan'uwansa ta bayan shinge ba ya ganinsa.

Wannan tsari ɗan'uwan aikin su Ashbee ne, zamaninsu ɗaya, ra'ayinsu ɗaya: dutsen yankin, aikin hannu, ba ƙyale-ƙyale. Bambancin shi ne Johnston ba ya neman mai saye. Yana da ma'aikatan lambu wajen 12, kuma yana da halin bin masu farautar tsirrai zuwa Afirka ta Kudu a 1927, da lardin Yunnan na ƙasar Sin a farkon shekarun 1930, ya komo da irin da ba a taɓa shukawa a Ingila ba. Abin da ake kira lambun Ingila, in ka bi asalin shuke-shukensa, rabin duniya ne aka tara wuri guda. Mutum ne mai gudun jama'a, bai yi aure ba, bai bar magaji ba. Da tsufa ya kama shi sai ya miƙa Hidcote, ya koma ɗaya lambunsa da ke Menton a kudancin Faransa, inda ya rasu a 1958. Aka kawo gawarsa aka binne kusa da mahaifiyarsa a ƙauyen Mickleton, gangaren tudun. Mutumin da bai cika son baƙi ba, yau motocin safa ke layi a ƙofarsa, kuma yawancin waɗanda muka gani durƙushe suna cire ciyawa 'yan sa-kai ne, tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya.

Tambayar da wani dattijo cikinmu ya yi ta maimaitawa ita ce, ina aka samo kuɗin? Amsar ta bambanta daga gida zuwa gida, kuma ba kullum take da daɗin ji ba. Ba nisa da nan akwai Sezincote, wanda lokaci bai bar mu mun shiga ba, gida mai ƙubba da 'yan hasumiyoyi kai ka ce masallacin Indiya ne aka tsugunar a karkarar Ingila. Sir Charles Cockerell ya gina shi daga 1805 da dukiyar da ya tara a hidimar kamfanin East India. A 2020 ita National Trust da kanta ta fitar da rahoto inda ta lissafa wurare 93 a hannunta masu alaƙa da mulkin mallaka ko cinikin bayi. Rahoton ya tayar da ƙura, wasu 'yan majalisa da jaridu suka ce an ɓata wa mutane shan shayinsu da siyasa. Ni dai ban ga yadda sanin asalin abu zai rage wa fure ƙamshi ba.

Zangonmu na ƙarshe, Snowshill, misali ne a fili. Charles Paget Wade mai zanen gine-gine ne, wanda ya gaji gonakin rake na iyalinsa a tsibirin St Kitts na yankin Karebiyan a 1911, ya bar aiki. Yana soja a Faransa ya ga tallar gidan a wata mujalla, ya saye shi a 1919. Bai zauna a ciki ba. Ya tare a wani ɗan ƙaramin ɗaki a tsakar gida, ya bar wa kayansa babban gidan, don shi tun yana yaro ba abin da yake so kamar tara abin da hannun gwani ya yi. Ya tara sama da abu 22,000: agogai, makullai, kayan kiɗa, kayan saƙa, akwatunan Sin, kekuna cike da ɗakin sama, da wani ɗaki mai duhu inda sulken mayaƙan Japan 26 ke tsaye da kwalkwalinsu, wanda ya sa ƙaramar 'yar wani ɗan'uwanmu ta ƙanƙame mahaifiyarta. Lambun ƙarami ne, hawa-hawa a jikin gangare, shi ma ɗaki-ɗaki, ƙofofi da kujerunsa an shafa musu wani shuɗin fenti da shi Wade ya zaɓa.

Raken St Kitts kuwa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka kafa nomansa. Da Birtaniya ta soke bauta a 1834, fam miliyan 20 ta ware na diyya, kuma iyayen gijin aka biya, ba bayin ba. Jikokin bayin suka ci gaba da saran rake a gonakin a kan lada kaɗan. Da irin wannan guminsu aka sayi agogan da kekunan. Wade ya yi aure a 1946 yana da shekara 63, ya miƙa gidan da duk abin da ke ciki ga National Trust a 1951, ya koma yawan zama a St Kitts. Ya rasu a 1956 lokacin da ya zo ziyara Ingila, kabarinsa na harabar cocin ƙauyen, taku kaɗan daga bangon gidan. Gwamnatin tsibirin ta karɓe gonakin rake daga hannun masu su a shekarun 1970, ta yi ta fama da faɗuwa, har ta rufe noman sukari ɗungurungum a 2005.